DAFIN DA KE TSAI DA MASAƘAR JIKI: LABARIN ZURMA DA 'YAN'UWANTA

Da wuya a sami wani gari a ƙasar Hausa da ba a san zurma ba. Tana fitowa a kan juji, da bayan gida, da bakin kududdufi, ba wanda ya shuka ta, ba kuma mai ba ta ruwa. Ganyenta mai faɗi ne kamar tafin hannu da yatsunsa a ware, 'ya'yanta kuwa suna cikin wani kwanso mai ƙaya-ƙaya, idan ya bushe sai ya fashe ya watsar da su. Ƙwayar tana da santsi da zane-zane, ta yi kama da kaskar da ta sha jini ta ƙoshi, shi ya sa ma sunan da masana ilmin tsirrai suka ba ta da Latinanci ma'anarsa kaska. Yara na wasa da ita, awaki na gilmawa ta gindinta, mutane kuwa sun ɗauke ta ciyawar banza.

Amma Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A cikin wannan ƙwaya akwai wani dafi mai suna risin, wanda ya shiga tarihin likitanci, da na leƙen asiri, har da yarjejeniyar ƙasashen duniya a kan makamai. Ba kuwa zurma kaɗai ke da irinsa ba. Masana sun gano cewa tsirrai masu yawa suna yin wasu sinadarai dangin juna, waɗanda aikinsu guda ne, watau lalata wata ƙaramar na'ura da ke cikin jikin kowane mai rai, wadda ake kira ribosom. Sanin yadda wannan al'amari yake ya shafi manomi da makiyayi, da malamin gona da malamin asibiti, da uwar da ɗanta ke wasa a bayan gida.

MASAƘAR DA KE CIKIN JIKI

Kafin a fahimci ɓarnar, sai an san abin da ake ɓatawa. Jikin ɗan Adam, da na dabba, da na tsiro, an gina shi ne da wasu ƙananan ɗakuna da ido ba ya iya gani sai da madubin likita, waɗanda masana ke kira sel. Kusan duk aikin da ake yi a cikin waɗannan ɗakuna furotin ne ke yin sa. Abin da ke ɗaukar iska a cikin jini furotin ne, abin da ke narkar da abinci a ciki furotin ne, haka nan abin da ke motsa tsoka da abin da ke yaƙi da cuta. Shi kuwa furotin wani dogon zare ne da ake jerawa daga ƙananan sinadarai iri 20, sa'an nan zaren ya naɗe kansa ya ɗauki siffar da ta dace da aikinsa.

To, ribosom ita ce masaƙar da ake saƙa wannan zare. Umurni yana zuwa mata daga ma'ajiyar gado da ke tsakiyar sel, ita kuma tana karantawa tana jera sinadaran ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda masaƙi ke jefa ƙoshiya yana bin tsarin da aka ba shi. A cikin sel guda ɗaya na jikin mutum akan sami miliyoyin irin waɗannan masaƙu, suna aiki dare da rana, domin furotin yana tsufa yana lalacewa, tilas a riƙa sabunta shi. Wani masani mai suna George Palade, haifaffen ƙasar Romaniya mai aiki a Amurka, shi ya bayyana su a shekarar 1955, aka kuma ba shi lambar girma ta Nobel a 1974. A shekarar 2009 aka sake ba wasu masana uku wannan lamba saboda sun zana cikakkiyar siffar ribosom. Ke nan duk abin da ya tsai da waɗannan masaƙu ya tsai da rayuwar sel, ko da bai taɓa sauran sassansa ba.

YADDA AKA GANO DAFIN

Mutane sun daɗe da sanin zurma. An ambace ta a cikin wata tsohuwar takardar magunguna ta Masar wadda aka rubuta wajen shekaru 1,550 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma Misirawa sun yi amfani da manta a fitila da kuma wankin ciki. Sun san ƙwayar tana da illa, amma ba a ware abin da ke jawo illar ba sai a shekarar 1888. A wannan shekara wani ɗalibi mai suna Hermann Stillmark, a Jami'ar Dorpat, garin da yanzu ake kira Tartu a ƙasar Istoniya, ya fitar da wani furotin daga 'ya'yan zurma ya raɗa masa suna risin. Ya lura cewa idan aka haɗa shi da jini sai jajayen ƙwayoyin jinin su cure wuri ɗaya, saboda haka ya ɗauka ta nan dafin ke kisa. Daga baya aka gane ba haka ba ne, amma binciken nasa ya buɗe ƙofa.

Bayan shekara uku, a 1891, shahararren likitan nan na Jamus Paul Ehrlich ya ɗauki risin da wani dafi ɗan'uwansa mai suna abrin, wanda ake samu a cikin idon zakara, ya riƙa ba ɓeraye kaɗan-kaɗan. Sannu a hankali sai ɓerayen suka zama suna jure adadin da a da zai kashe su nan take. Ya kuma lura da abu biyu. Na farko, ɓeran da ya sami kariya daga risin bai sami kariya daga abrin ba, watau kowane dafi da irin garkuwarsa. Na biyu, uwar da ta sami kariyar tana ba jariranta ta cikin nono. Waɗannan gwaje-gwaje suna daga cikin tubalan da aka gina ilmin rigakafi a kansu, kuma Ehrlich ya sami lambar Nobel a 1908. Ashe allurar rigakafin da ake yi wa yara a yau tana da alaƙa ta tarihi da ciyawar juji.

Duk da haka sai da aka shafe shekaru fiye da 80 ba a san takamaiman yadda risin ke kisa ba. A farkon shekarun 1970 wasu masana biyu a birnin Oslo na ƙasar Norwe, Sjur Olsnes da Alexander Pihl, suka nuna cewa risin da abrin kowanne sassa biyu ne a haɗe, kuma abin da suke yi shi ne hana sel saƙa furotin. A Jami'ar Bolonya ta Italiya kuwa, Fiorenzo Stirpe da abokan aikinsa suka yi ta gano ire-irensu a cikin tsirrai daban-daban, har suka haɗa su a ƙarƙashin suna ɗaya, watau furotin masu kashe ribosom. Ƙarshen sirrin ya fito daga Japan a shekarar 1987, inda Yaeta Endo da abokan bincikensa suka nuna ainihin wurin da dafin ke sara.

ƁARAWO DA ƊAN JAGORA

Ana iya kwatanta risin da mutum biyu da suka haɗa baki don shiga gidan da ba nasu ba. Masana suna kiran su sashen A da sashen B. Sashen B shi ne ɗan jagora. A jikin bangon kowane sel akwai wasu sinadarai masu ɗauke da wani nau'in sukari da ake kira galaktos, to sashen B yana manne wa wannan sukari. Shi kuma sel, da yake ɗabi'arsa ce ya riƙa haɗiye abin da ya maƙale a bangonsa, sai ya jawo dafin ciki da kansa. Daga nan dafin yakan bi hanyar da sel ke fitar da kayansa waje, amma ta baya, har ya isa wani sashe inda ake raba A da B. Mafi yawan dafin da ya shiga yakan halaka a kan hanya, kaɗan ne ke isa. Sai dai kaɗan ɗin nan ya isa ɓarna.

Sashen A shi ne mai aika-aikar. Ita ribosom an gina ta ne da furotin da kuma wasu dogayen zaruruwa da ake kira RNA, waɗanda ke ɗauke da sinadarai iri huɗu a jere kamar haruffa. Mafi tsawon zaren yana da haruffa fiye da 4,000. Abin mamaki shi ne sashen A ba ya yanka zaren, ba ya kuma ragargaza masaƙar. Harafi guda ɗaya tak yake cirewa, wani sinadari mai suna adenin, wanda Endo ya ƙidaya ya same shi na 4,324 a ribosom ɗin hantar ɓera. Wannan harafi yana kan wani ɗan lanƙwasa inda wasu mataimaka ke zuwa su dafa don su tura zaren gaba. Da zarar an cire shi, mataimakan ba su da wurin dafawa, saƙa ta tsaya. Kamar a zare ƙusa ɗaya daga keken ɗinki ne: keken na nan, amma ba zai ƙara ɗinki ba.

Abin da ya sa dafin ya yi tsanani shi ne sashen A ba ya ƙarewa. Idan ya gama da wannan masaƙa sai ya wuce zuwa ta gaba. An auna cewa guda ɗaya yana iya lalata ribosom wajen 1,500 a cikin minti ɗaya, fiye da yadda sel zai iya ƙera sababbi. Wannan ne kuma dalilin da ya sa alamun cutar ba su bayyana nan da nan. Furotin ɗin da aka riga aka saƙa yakan ci gaba da aiki na ɗan lokaci, sai ya ƙare babu madadi sa'an nan sel ya mutu. Mutum zai iya shafe sa'o'i yana ganin lafiyarsa ƙalau alhali ɓarna ta riga ta fara.

DANGI BIYU

Masana sun kasa waɗannan furotin gida biyu manya. Gida na farko su ne masu sashen A kaɗai, ba su da ɗan jagora. Idan aka zuba su a kan ribosom a ɗakin gwaji suna lalata ta sarai, amma da yake da ƙyar suke shiga sel, illarsu ga mutum ba ta da yawa. A cikin wannan gida akwai wanda ake samu a bini-da-zugu, mai suna kursin, da wanda ke cikin garafuni, da na 'ya'yan soso. Har alkama da sha'ir da masara suna da irin nasu, ana kuwa cin su kullum ba abin da ke faruwa, tun da ba su iya shiga sel, kuma wuta da narkewar abinci suna lalata su. Ya kamata a lura cewa amai da gudawar da 'ya'yan bini-da-zugu ke jawo wa yara galibi ba daga kursin suke ba, daga wani sinadari ne dabam da ke cikin mansu.

Gida na biyu su ne masu sassa biyu, kuma a nan manyan masu kisa suke. Ban da risin akwai abrin na idon zakara, waɗannan 'yan jajayen ƙwayoyi masu baƙin ɗigo da ake yin tsakiya da abin wuya da su. Abrin ya fi risin ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da ke ceton mutane shi ne ɓawon ƙwayar yana da tauri ƙwarai, idan an haɗiye ta ɗungum takan fita yadda ta shiga. Hatsarin yana ga wadda aka tauna, ko aka fasa, ko aka huda don a zura zare. A ƙasar Indiya, inda maƙeran zinariya suka daɗe suna awo da waɗannan ƙwayoyi, an san su da kashe shanu. Akwai kuma wasu biyu daga Afirka, modesin daga wani tsiro na kudancin nahiyar, da bolkensin daga wani na ƙasar Kenya, dukansu masu tsananin dafi.

Ba tsirrai kaɗai ke da wannan makami ba. Ƙwayar cutar atini mai tsanani, wadda likitan Japan Kiyoshi Shiga ya gano a 1897, tana fitar da dafin da ke cire wannan harafi ɗaya daga ribosom, daidai wurin da risin ke cirewa. Wasu nau'o'in ƙwayar cutar E. coli ma suna da shi, kuma irinsu ne suka jawo annobar da ta ɓarke a Jamus a 2011 ta kashe mutane fiye da 50.

ME TSIRO KE YI DA DAFI?

Tsiro ba shi da ƙafar gudu, ba shi da ƙahon karo, saboda haka da sinadarai yake kāre kansa. Ƙwayar zurma tana cike da mai da abinci wanda aka tanada domin ɗan tsiron da zai fito, dafin kuwa shi ne mai gadin rumbun. Zurma tana da ribosom nata, amma ba ta cutar da kanta, domin tana ƙera risin ne a ɗaure, sassansa biyu a liƙe ta yadda ba zai yi aiki ba, sai ta kai shi wata keɓaɓɓiyar ma'ajiya a cikin ƙwayar kafin a kwance shi.

Akwai kuma kariya daga cututtuka. Tun a shekarar 1925 wasu masana a Amurka suka lura cewa ruwan ganyen wani tsiro na can mai suna Fitolaka yana hana cutar bairos kama ganyen taba. Daga baya aka gane furotin mai kashe ribosom ne ke wannan aiki. Bayanin da masana da yawa suka karɓa shi ne tsiron yana ajiye furotin ɗin a wajen sel, a jikin bango. Idan ƙwaro ya huda bangon ya shigar da bairos, sai furotin ɗin ya bi ta hudar ya kashe masaƙun wannan sel. Shi kuwa bairos ba shi da masaƙa tasa, da ta mai gida yake hayayyafa, don haka sai ya rasa abin yi. Dabarar ta yi kama da ta mutanen ƙauye idan gobara ta tashi, inda akan yaye jinkar ɗakin da ke kusa don a tsirar da sauran gari. A farkon shekarun 1990 masu bincike suka dasa gadon irin waɗannan furotin a cikin taba da dankalin Turawa, suka sami tsirran da suka fi jure wa bairos da cutar funfuna, ko da yake idan furotin ɗin ya yi yawa shi kansa tsiron yakan tsumbure.

KISAN GADAR WATERLOO

Abin da ya sa sunan risin ya karaɗe duniya ya faru ne a birnin Landan ranar 7 ga watan Satumba, 1978. Georgi Markov, wani marubuci ɗan ƙasar Balgeriya wanda ya gudo daga mulkin kwaminisanci yana aiki da gidan rediyon BBC, yana jiran bas a bakin gadar Waterloo sai ya ji kamar an harbe shi a bayan cinyarsa ta dama. Da ya waiwaya sai ya ga wani mutum yana ɗaukar laima daga ƙasa, mutumin ya ba shi haƙuri ya shiga tasi ya tafi. Cikin dare zazzaɓi ya rufe shi, aka kai shi asibiti, ranar 11 ga wata ya rasu yana da shekara 49.

Da aka binciki gawarsa sai aka sami wani ɗan ƙarfe a cikin naman cinyar, bai kai milimita 2 ba, da ƙananan ramuka a jikinsa. Ba a sami dafin kansa ba, amma masanan gwamnatin Ingila sun yi wa alade allurar risin suka ga ya mutu da alamu irin na Markov, daga nan aka yanke cewa risin ne. Makonni kaɗan kafin wannan an kai wa wani ɗan Balgeriya mai gudun hijira, Vladimir Kostov, irin wannan hari a birnin Paris, amma shi ya rayu. Ba a taɓa hukunta kowa a kan kisan Markov ba.

Tun zamanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu wasu manyan ƙasashe suka gwada mai da risin makami, amma ba a yi amfani da shi a fagen fama ba. Yarjejeniyar haramta makamai masu guba, wadda aka sa wa hannu a Paris a 1993 ta kuma fara aiki a 1997, ta sa risin a jerin farko na abubuwan da aka fi tsananta wa doka. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka amince da ita. Dokar ba ta hana noman zurma ko tatsar manta ba, ware dafin da tara shi ne laifi. A 2013 an kama wasiƙu masu ɗauke da risin da aka aika wa shugaban Amurka na lokacin, Barack Obama, aka kuma ɗaure waɗanda suka aika.

DAFI A HANNUN LIKITA

Tun da dafin yana kashe sel, likitoci sun yi tunanin a juya shi a kan sel ɗin cutar daji. Dabarar ita ce a cire ɗan jagoran risin, a ɗaura wa sashen A wani sabon jagora daga garkuwar jiki wanda ba ya gane kowa sai sel mai cutar. An yi gwaje-gwaje a kan marasa lafiya tun daga shekarun 1980, musamman masu cutar dajin jini, an kuma ga alamun nasara. Amma an ci karo da matsaloli biyu. Maganin yana sa ƙananan jijiyoyin jini yoyo har jiki ya kumbura, sa'an nan jikin majinyaci yakan gane baƙon furotin ne ya tashi yaƙarsa, ta yadda allura ta biyu da ta uku ba su yin tasiri. Saboda haka aikin bai wuce matakin gwaji ba.

A wasu fannonin an ci riba. Masu binciken ƙwaƙwalwa suna amfani da saporin, wani na gida na farko, su kashe wasu zaɓaɓɓun sel a ƙwaƙwalwar ɓera don su ga aikin da suke yi. A ƙasar Sin an daɗe ana amfani da tirikosantin, wanda ake samu a saiwar wani tsiro dangin kabewa, wajen wasu matsalolin masu juna biyu, kuma a 1989 an gwada shi a Amurka a kan masu cutar ƙanjamau, amma bai biya bukata ba. Ana kuma gwajin allurar rigakafin risin a Amurka domin sojoji da ma'aikatan agaji.

ABIN DA YA SHAFI GIDA

Zurma dukiya ce. Kusan rabin nauyin ƙwayarta mai ne, kuma ana amfani da man wajen yin man inji, da fenti, da sabulu, da kayan shafa, da wani nau'in roba mai ƙarfi. Sunan man motar nan Castrol ma daga sunan man zurma na Ingilishi aka samo shi. Indiya ce ke noma mafi yawan zurmar duniya, musamman jihar Gujarat. A nan gida Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi a Jihar Neja tana da zurma a cikin amfanin gonar da take bincike a kansu.

Man da aka tace yadda ya kamata ba shi da risin, domin dafin ba ya narkewa a cikin mai, zafi kuma yana lalata shi. Inda yake zama shi ne a cikin tunkuzar da ta rage bayan an matse man. A nan ne babban hatsari yake ga ƙasar da ta saba ciyar da dabbobi da tunkuzar gyaɗa da ta auduga. Tunkuzar zurma taki ce mai kyau, amma idan ba a sarrafa ta da zafi sosai ba tana kashe dabbar da ta ci, doki kuwa ya fi sauran dabbobi saurin kamuwa. Duk jami'in gona da zai shawarci manoma su noma zurma, wajibi ne ya gaya musu kada a haɗa buhunanta da na hatsi, kada a shanya ta inda yara da kaji ke kaiwa, kada kuma a zuba tunkuzarta a akurki ko turke. A shekarar 2017 masu bincike na hukumar aikin gona ta Burazil, Embrapa, suka ba da sanarwar samun zurmar da aka rufe wa gadon yin risin, abin da zai iya mai da tunkuzar abincin dabbobi in ya yaɗu.

Al'adun gargajiya ma sun san hanyar karya dafin. A kudu maso gabashin Nijeriya ana yin wani kayan miya mai suna ogiri da 'ya'yan zurma, kwatankwacin daddawa. Ana tafasa su ne na sa'o'i masu yawa, sa'an nan a rufe su kwanaki su ruɓa kafin a ci. Wanda ya gajarta wannan aiki ya sa iyalinsa cikin hatsari. Akwai kuma matan da ke haɗiyar ɗanyen 'ya'yan zurma don tazarar haihuwa, al'adar da masu bincike a Jami'ar Jos suka yi nazarinta a Filato a shekarun 1990. Abin lura shi ne yawan dafin ya bambanta daga iri zuwa iri, daga ƙwaya zuwa ƙwaya, ba kuwa mai iya auna shi da ido. Wadda ke bukatar tazara, asibiti ya fi mata aminci.

Alamun wanda ya tauna zurma ko idon zakara su ne ciwon ciki, da amai, da gudawa wadda wani lokaci takan zo da jini, bayan sa'o'i kaɗan ko fiye. Idan abin ya yi tsanani ruwan jiki yakan ƙare, hanta da ƙoda su gaza cikin 'yan kwanaki.  Abin da likita ke yi shi ne rage wanda bai riga ya shiga jini ba, da ƙarin ruwa, da kula da ƙoda har jiki ya saƙa sababbin masaƙu. Mafi yawan waɗanda aka kai da wuri suna warkewa. Saboda haka idan aka ga yaro ya tauna, kada a tsaya jiran alama, kada a ɓata lokaci wajen ɗura masa manja ko madara. A ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa, a tafi da samfurin ƙwayar don malamin asibiti ya san abin da yake fama da shi.

Shekara 99 ke tsakanin binciken Stillmark na 1888 da na Endo na 1987, tsawon lokacin da masana suka ɗauka kafin su gane cewa harafi ɗaya ne ake cirewa. Tsirran ƙasar nan masu irin wannan furotin kuwa, daga garafuni zuwa bini-da-zugu, suna nan birjik a bakin hanya, kuma fili ne buɗaɗɗe ga ɗaliban kimiyya na jami'o'in ƙasar nan. Kafin nan, aikin da ke gaban malaman makaranta da na gona da na kiwon lafiya shi ne su sanar da jama'a abin da ke cikin ƙwayar da yaransu ke wasa da ita, domin rigakafi ya fi magani.